ABIN DA BURTUNTUNA TA KOYA MINI GAME DA CUTUTTUKAN AMFANIN GONA

Bara da kaka, ran da muka shiga yankan dawa a gandun gidanmu da ke bayan garin Bebeji, na ga abin da ya tayar mini da hankali ƙwarai. In ka hango gonar daga nesa sai ka ce an dace, don kara ya yi tsawo, zangarniya kuma ta cika. Amma da muka soma yanka, sai muka ga in ka kama wata zangarniyar ka murza, maimakon ƙwayar dawa sai wani baƙin gari kamar na gawayi ya ɓata maka hannu. Baba ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Burtuntuna ce." Gonar da muka saba ɗaure dami 40 a cikinta, da ƙyar muka sami 28 na kirki. Kafin gero ya nuna rumbunmu ya ƙare, sai da aka sayar da awaki biyu aka auno hatsi.

Da muka koma makaranta na tafi da zangarniya guda a cikin takarda, na kai wa malaminmu na aikin gona. Ya ɗebi ɗan baƙin garin nan a kan tsinke, ya sa a ɗigon ruwa, ya ɗora a ƙarƙashin madubin likita, ya ce in leƙa. Gani ya kori ji. Abin da na zata toka ce, ashe wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne masu launin ƙasa, ba su ƙirguwa don yawa. Malam ya ce kowane ɗaya daga cikinsu iri ne mai rai, yana jiran damina kamar yadda irin dawarmu ke jira. Tun daga ran nan na shiga tambaya da karatu, abin da na samo kuwa shi ne nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Da farko dai ya kamata mu rarrabe tsakanin ɓarnar ƙwari da cuta. Tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon, wadda ta cinye tumatir a ƙasar Kano a 2016, ƙwaro ce, ana ganinta da ido. Cuta kuwa wasu ƙananan halittu ne ke kawo ta, manya daga cikinsu su ne funfuna da bakteriya. Funfuna dangin abin nan ne da ke fitowa a jikin tuwon da ya kwana biyu, haka kuma laimar kwaɗi 'yar'uwarta ce. Tana miƙa wasu siraran zaruruwa cikin jikin shuka tana tsotse abincinta, sa'an nan ta yi 'ya'ya kamar ƙura, iska ko ruwa su kwashe. Bakteriya ta fi funfuna ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ita ba ta da zare, rabuwa biyu take yi, biyun su zama huɗu, haka har su cika jijiyoyin shuka. Ba ta iya huda lafiyayyar fatar shuka da kanta, sai ta sami rauni ko 'yan kafofin da ganye ke shan iska da su. Akwai kuma na uku, watau bairas, wanda ya kawo kuturtar gyaɗar da ta yi wa Arewa mummunar ɓarna a 1975, amma wannan zance ne na wata rana.

To, yaya burtuntuna ke shiga gona? Irin wadda ta kama mu, a gida muka yi kiwonta ba mu sani ba. Lokacin sussuka, in aka haɗa zangarniya mai cuta da lafiyayya a turmi ɗaya, baƙin garin nan sai ya fashe ya manne a jikin kowace ƙwaya. Mu kuma sai mu ɗebi iri daga ciki mu ajiye. Da an yi shuka ruwa ya sauka, dawa na tsirowa ita ma funfunar na tsirowa, ta shige cikin ɗan tsiron tun bai ɓullo ƙasa ba. Daga nan sai ta yi lamo, ta yi ta bin karan yana girma tana hawa, ba wata alama da manomi zai gani. Sai dawa ta fid da kai, sa'an nan ta mamaye inda ƙwaya za ta zauna ta cika shi da 'ya'yanta. Ashe ke nan ɓarnar da muka gani da kaka, tun ran shuka aka gama ta.

Wannan sani ba yau aka same shi ba. A shekarar 1807 wani masani mai suna Prévost, wanda ke zaune a ƙasar Faransa, ya sa baƙin garin da ke ɓata alkama a cikin ruwa, ya ga yana tsirowa, ya kuma lura cewa in ruwan ya gauraya da sinadarin jan ƙarfe ba ya tsirowa. Ta haka aka gane funfuna ce ke kawo cutar, aka kuma gane ana iya kashe ta a jikin iri kafin a shuka. A nan ƙasarmu, ɗaya daga cikin wuraren da suka daɗe da irin wannan bincike shi ne Samaru ta Zariya, inda aka kafa tashar gwajin aikin gona a 1922. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai ta koma ƙarƙashinta, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona. Tana da tashar gwajin noman rani a Kadawa, nan kusa da mu, inda ruwan madatsar Tiga ke kaiwa. Aikin masanan wurin shi ne su gano abin da ke kawo cuta, su bi hanyar da take yaɗuwa, su gwada magunguna, su kuma fid da irin da ke jure mata.

Maganin burtuntunar da ke bin iri ba shi da wuya. Ana cuɗa iri da ɗan garin magani kafin a shuka. Iyayenmu sun san Fernasan D a zamanin da, yanzu kuwa akwai irin su Apron Star da ake sayarwa a ƙananan ƙunshi. Kuɗin ƙunshin bai kai na dami guda ba. Sai dai a yi hattara, don guba ne. Kada a cuɗa da tsirarar hannu, kada a yi a ƙwaryar abinci, abin da ya ragu na iri kuma kada a ci, kada a ba kaji. Har wa yau a sani burtuntuna iri-iri ce. Akwai wadda ke mai da zangarniya ɗungum ta zama baƙar jaka, ita a cikin ƙasa take kwana, maganin iri ba ya gamawa da ita. Dabararta ita ce a yanke kan da ya kamu tun jakar ba ta fashe ba a ƙone, a kuma sauya abin da ake shukawa a wurin, a sa gyaɗa ko wake ko waken suya.

Yanzu bari mu juya ga bakteriya, wadda masu noman tumatir suka fi sanin zafinta. Wani lokaci sai ka ga tumatir ya yi yaushi da rana tsaka alhali ƙasa na da laima, ganyensa kuma kore shar. Da yamma ya ɗan farfaɗo, bayan kwana kaɗan ya mutu. Mai lambu sai ya zaci ƙishirwa ce ya ƙara ruwa, ko ya sayo maganin feshi ya yi ta fesawa, duk a banza. Akwai wani gwaji mai sauƙi wanda ko ɗan aji ɗaya zai iya. A yanko karan daga gindi, a tsoma bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, a bar shi tsaye ba motsi. In bakteriya ce, cikin 'yan mintoci za a ga wani farin abu kamar madara yana tsiyayowa daga karan. Su ne suka toshe jijiyoyin da ke kai ruwa sama. In an ga haka, to babu feshin da zai warkar. Sai a tuge masu cutar da saiwarsu a ƙone, a hana ruwan da ya bi ta wurin ya gangara sauran kwamai, a wanke fartanya kafin a shiga wata gona. Sa'an nan a yi 'yan shekaru ba a sa tumatir ko tattasai ko attarugu ko yalo a wurin ba, don duk dangi ɗaya ne a wajenta. A sa masara ko alkama ko shinkafa. Auduga ma tana da tata bakteriyar mai ƙona ganye da baƙanta rassa, babban makamin da masanan Samaru suka yaƙe ta da shi kuwa shi ne fid da irin auduga mai jure mata.

Akwai wata funfuna wadda ta fi duk waɗannan ban tsoro, don ita ba amfanin gona kaɗai take ci ba, har da mai cin sa. Tana kama gyaɗa da masara, tana zuba musu wata guba da ake kira afalatoksin. An gano gubar ne bayan 1960, shekarar da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗar Barazil. A lokacin nan gyaɗa ce babbar hajar da Arewa ke fitarwa waje, dalar gyaɗa na tsaye a Kano, saboda haka hankalin hukuma ya tashi. Masana biyu a Samaru, McDonald da Harkness, suka yi shekaru suna bin gyaɗa tun daga kunya har buhu. Suka gano cewa lafiyayyar gyaɗa da aka cire a kan kari ba ta cika ɗaukar guba ba. Wadda ke ɗauka ita ce wadda gara ta huda ko fartanya ta fasa, da wadda aka bari ta wuce lokaci a ƙasa, da wadda aka tara ba ta bushe da wuri ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gubar nan tana lalata hanta, tana jawo ciwon daji na hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Suya ba ta kashe ta, dahuwa ba ta kashe ta, in saniya ta ci ma tana biyowa cikin nono. A 2004 mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya saboda cin masarar da ta kamu. Don haka gyaɗar nan mai ɗaci da ake warewa a ce a yi ƙuli-ƙuli da ita don kada a yi asara, ita ce asarar. Masanan cibiyar IITA ta Ibadan da abokan aikinsu sun fito da wata dabara mai ban sha'awa. Sun tsamo dangin wannan funfuna daga ƙasar Nijeriya waɗanda ba su yin guba, suka shafa su a jikin gasasshiyar dawa, suka rina ta shuɗi, suka sa mata suna Aflasafe. An yi mata rajista a 2014. Ana watsa kilo 10 a kowace hekta, sati 2 zuwa 3 kafin masara ta fid da kai, sai marasa gubar su riga masu gubar kama wuri. Wannan labari ne da ya kamata manoman masara na Doguwa da Tudun Wada da Kiru su nemi ƙarin bayaninsa wajen malaman gona.

In muka duba duka misalan nan uku za mu ga abu guda. Cutar shuka ba ta faɗowa haka kawai, tana da ƙofar da take shiga, ƙofar nan kuwa galibi tana hannunmu: irin da muka ajiye, ƙasar da muka ƙi hutarwa, da yadda muka shanya amfaninmu. In ta riga ta shiga, fid da ita sai an sha wuya, wani lokacin ma ba ta fita. Rigakafi ya fi magani. Saboda haka a zaɓi iri tun a gona daga zangarniya masu lafiya, a sussuka shi dabam. A shanya gyaɗa da masara a kan tabarma ko leda maimakon tsurar ƙasa, kada kuma a zuba a buhu sai sun bushe ƙayau. Wanda ya ga baƙuwar alama a gonarsa ya kai wa malamin gona ya duba kafin ya sayi magani, don maganin ƙwari ba ya kashe funfuna, na funfuna kuma galibi ba ya taɓa bakteriya.

Da na zo hutu na kwashe duk wannan na gaya wa Baba. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Kai yaro, shekara nawa ina noma ba a haife ka ba?" Na yi shiru, na sunkuyar da kai. Da gari ya waye sai ya kira ni ya ba ni kuɗi, ya ce in sayo maganin, amma rabin gona kaɗai za mu gwada. Haka kuwa aka yi, muka kafa turke a tsakiya. Bana da kaka, ɓangaren da aka cuɗa irinsa da magani sai ka yi ta nema kafin ka sami baƙar zangarniya ɗaya, ɗaya ɓangaren kuwa ga ta nan kamar bara. Baba bai ce kome ba, sai dai na ji shi da dare a dandali yana ba maƙwabta labarin turken nan.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, abin da muke koya a darasin aikin gona kada mu bar shi a littafi sai ran jarrabawa. Mu kai shi gida, mu faɗe shi da ladabi. Iyayenmu kuma muna roƙonsu su ba mu ko da kunya goma ne mu gwada, in ta yi kyau a ƙara, in ba ta yi ba an dai ƙaru da sani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbunanmu, amin.