Da Me Malam Umaru Ya Yi Mulki?

A kan hanyar Dutsin-ma, cikin ƙasar Batagarawa, akwai jami'ar da aka kafa a 2006 da sunan Jami'ar Jihar Katsina, daga baya aka sa mata sunan wanda ya kafa ta, Umaru Musa 'Yar'aduwa. Duk wanda ya ga zamaninsa ya san ba mutumin duro ba ne. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, ba ya son hayaniya, ba ya yawan fita ƙasashen waje, har aka laƙaba masa Baba Go-slow. To, a ƙasar da ake ganin mai baki shi ke da gari, da me wannan bawan Allah ya riƙe Katsina shekara takwas, ya kuma hau kujerar shugaban ƙasa?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce gida. Mahaifinsa Musa 'Yar'aduwa, Mutawallen Katsina, ya yi ministan harkokin Legas a jamhuriya ta farko, wansa kuma shi ne Janar Shehu. Gida ya taimaka, babu musu. Amma a jamhuriya ta biyu, lokacin da uban ke cikin manyan NPN, ɗan yana PRP tare da mabiyan Malam Aminu Kano. Da ya tsaya takarar gwamna a SDP a 1991, sunan gidan bai hana Sa'idu Barda na NRC kayar da shi ba. Da ya ci a 1999 kuwa, Shehu ya riga ya rasu a kurkukun Abakaliki tun Disamban 1997.

Sai amsa ta biyu: Obasanjo ne ya ɗauko shi. Haka ne, kuma mutane da dama sun ɗauka an zaɓi mai shiru ne don a juya shi. Wannan zato bai yi tsawon rai ba. Cikin watanninsa na farko ya saki kuɗin ƙananan hukumomin Legas da gwamnatin baya ta riƙe shekaru, cinikin matatun man Kaduna da Fatakwal kuma ya rushe. Ya warware ayyukan wanda ya kawo shi ba tare da ya fito ya zage shi ba ko sau ɗaya.

Saura tambaya ɗaya da ba a cika yi ba. Gwamnoni talatin da shida ne a 2006, cikinsu akwai masu kuɗi da masu baki. Me ya sa ido ya sauka kan wanda ya fi kowa ɓuya? A Satumban shekarar Nuhu Ribadu ya shaida wa majalisar dattawa cewa hukumarsa ta EFCC na binciken gwamnoni 31. Shi kuwa gwamnan Katsina, tun hawansa a 1999 ya bayyana kadarorinsa ga jama'a, ya kuma maimaita a Yunin 2007 yana shugaban ƙasa, alhali doka ta wajabta miƙa takardar ga hukuma ne kawai, ba ta ce a buga wa duniya ba.

A nan, a ganina, bakin zaren yake. Kafin siyasa Malam Umaru malamin kimiyyar sinadarai ne. Ya gama digirinsa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975, ya ƙara na biyu a fannin tantance sinadarai, ya koyar a Zariya da Katsina. A wannan sana'a ba a yarda da kai don ka iya lafazi, sai ka auna, ka rubuta, ka bar wani ya duba. Mutumin da ba zai iya rinjayar taro da baki ba sai ya nemi abin da zai yi magana a madadinsa, shi kuwa ya zaɓi takarda da lissafi. In ya buɗe baki kuma, maganar kan yi nauyi saboda ƙarancinta. Ranar rantsar da shi, 29 ga Mayu 2007, ya amsa a gaban duniya cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, sannan ya naɗa kwamitin gyara a ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais.

Makaminsa na biyu kunne ne, kuma a Neja Delta ya fito fili. Ba a rasa ƙarfi ba, don sojoji sun kai farmaki Gbaramatu a Mayun 2009. Amma ranar 25 ga Yuni ya yi shelar afuwa ga tsagerun yankin, ya ba da wa'adin kwana 60 daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Oktoba, ya karɓi shugabannin tsageru irin su Ateke Tom da Tompolo a Abuja, ya zauna ya ji kokensu. Fiye da mutum 20,000 suka ajiye makamai, man da ake haƙowa ya farfaɗo. Shugaban makaranta ko shugaban sashe mai kunyar taro yana iya yin irin wannan: ya kira masu ƙorafi ɗaya bayan ɗaya, ya bar su su gama, sannan ya yanke hukunci a rubuce.

Gwaji na ƙarshe shi ya tabbatar mini da amsar, kuma mai ɗaci ne. Ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka kai shi jinya Saudiyya ba tare da ya aika wa majalisa wasiƙar miƙa mulki ga mataimakinsa ba. Shirun nan dai shi ne wanda aka saba, amma wannan karon babu takarda a bayansa, sai ƙasa ta rikice da jita-jita da ƙararraki a kotu. Sai da majalisa ta ɗora mataimakin nasa, Goodluck Jonathan, a matsayin muƙaddashi ranar 9 ga Fabrairu 2010 kafin ƙura ta lafa. Malam Umaru ya rasu ranar 5 ga Mayu, aka yi jana'izarsa a Katsina washegari. Allah ya jiƙansa.