Zafin Furosesa a Garin Zafi

Ranar 17 ga watan Yuni, 2024, ana tsakiyar aikin Hajji, zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami. Ko a bazarar da aka saba, Makka takan haura digiri 40 da rana. Saboda haka matashin da ke Hindawiyya ko Shari' Mansur, unguwannin da Hausawa suka daɗe da zama, in ya ƙara wa furosesar kwamfutarsa gudu fiye da yadda kamfani ya tsara, don wasa ko haɗa bidiyo, idonsa ba ya barin lambar zafi. Yana da hujja: zafin yana tashi da gudu, amma ya fi saurin tashi da ƙarfin wuta, domin ƙarin kashi 10 cikin 100 na wutar kan jawo ƙarin zafi sama da kashi 20. Sai dai lambar da yake kallo ba kullum take da gaskiya ba. Wannan manhaja ta ce 62, waccan ta ce 82, BIOS kuma ya kawo tasa.

Ma'aunin zafi a kwamfuta ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ke kan babban allo kusa da mazaunin furosesa, mai jinkiri, wanda yakan nuna ƙasa da ainihin zafin. Akwai kuma waɗanda aka dasa a cikin furosesar kanta. Na kamfanin Intel ba sa faɗin zafi kai tsaye. Abin da suke faɗa shi ne saura digiri nawa a kai iyaka, wato TjMax, sai manhaja ta ɗebe wannan daga iyakar ta ba ka amsa. In manhajar ta ɗauki iyakar 85 alhali 100 ce, kowace lamba da za ta nuna ta kauce da 15. Haka aka sha fama a zamanin Core 2, inda Core Temp da RealTemp suka riƙa saɓawa a kan furosesa guda, kamar masu awo biyu a kan buhu ɗaya, wannan da mudu wancan da tiya.

AMD ma tana da nata. A 2017 ta fito da Ryzen 7 1700X da 1800X da ƙarin digiri 20 da gangan a kan lambar da ake kira Tctl, don fanka ta tashi da wuri. Ainihin zafin yana kan wata lambar da ake kira Tdie. Tsofaffin furosesocinta na FX kuwa, in ba sa aikin komai, sukan nuna zafin da bai kai na ɗaki ba.

A nan mazaunin Makka yake da alƙali a hannu. Fanka ko ruwan sanyaya ba za su iya sauke furosesa ƙasa da zafin iskar ɗakin ba. In ɗakinka yana 28, manhaja kuma ta ce 17, ma'aunin ne ya ruɗe. In ka ga 127 ko -128 tsaye cak ba motsi, galibi manhajar tana karanta ƙafar da ba a haɗa mata ma'auni ba ne, sai a ƙyale ta. Lambar BIOS kuma takan ɗara ta Windows, domin a can furosesa ba ta samun damar rage wuta ta huta.

Kafin a taɓa sukudireba, a rufe duk manhajojin awo a bar ɗaya, misali HWiNFO, domin biyu in suna tambayar ma'auni ɗaya a lokaci guda sukan rikita juna. A mayar da gudun yadda ya zo daga kamfani, a sabunta BIOS, sannan a ɗora wa furosesar nauyi da Cinebench ko Prime95. Ma'auni mai lafiya yakan yi tsalle nan take, ya ci gaba da hawa a hankali, ya tsaya. A duba gudun ma: in yana faɗuwa da kansa, mai yiwuwa furosesar ta ji zafi da gaske, ko me lambar ta ce. Tsallen digiri goma na ɗan daƙiƙa lokacin buɗe burauza ba ciwo ba ne a furosesocin yanzu, kuma Ryzen 7000 na 2022 an gina su ne su kai 95 suna cikin aiki.

In zafin ya tabbata, laifin yawanci na hannu ne: ƙura ta toshe ƙarfen sanyaya (Makka kuwa ba ta rasa ƙura, ga gine-ginen da ba sa ƙarewa), ko man da ke tsakaninsa da furosesa ya bushe, ko an ɗaure sukurori gefe ɗaya ya fi matsewa, ko an manta ledar da ke manne a gindinsa.

A ganina babban kuskure shi ne kwatanta lambarka da ta mai gwaji a Jamus wanda ɗakinsa ke 22. A rataye ma'auni a bakin da iska ke shiga akwatin kwamfutar, a ɗebe lambarsa daga ta furosesa. Wannan ratar ce za a kwatanta. Gudun da aka saita a Janairu, lokacin da zafin rana a Makka yake wajen 30, a sake gwada shi a Yuli da azahar, na'urar sanyaya ɗaki a kashe.