Mai Ciwon Sukari da Tiyatar Rage Tumbi

A manyan birane ana yin tiyatar rage tumbi. Likita yakan yanka ƙasan cibiya daga wannan ƙugu zuwa wancan, ya cire fatar da ta saki da kitsen da ke ƙarƙashinta, sa'an nan ya ɗinke. Aikin gyaran jiki ne, ba ya warkar da ciwon sukari. Kitsen da ke ƙara ciwon yana can ciki kewaye da hanji, wuƙa kuwa ba ta kai wurin.

Idan sukari ya yi yawa a jini, rauni ba ya saurin warkewa. Ƙananan hanyoyin jini sun raunana, jiki kuma ba ya iya yaƙi da ƙwayoyin cuta sosai. Ɗinki yana iya buɗewa, ya yi mugunya, ya zama gyambo.

Don haka kada ku ɓoye wa likita ciwonku. Ku nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata 3 da suka wuce. Idan ya haura 8, likitoci da yawa sukan ɗaga aikin. Mai shan taba ya daina tun saura mako 4. Ku tambayi yadda za ku yi da ƙwaya ko allurar insulin ranar aiki, domin ba a cin abinci, sukari yana iya faɗuwa.

Wannan shawara ta shafi aikin kaba ma. Bayan aiki, idan kun ga zazzaɓi, kumburi ko wari daga ɗinkin, ku koma asibiti a ranar. Allah ya ba mu lafiya.