Keke Mai Sifirin A Kalpohin: A Duba Kafin A Biya

Duk wanda ya san Tamale ya san garin keke ne, har an ware wa masu keke hanyarsu a gefen manyan tituna. To, a Kalpohin samarinmu sun raja'a a kan keke mai sifirin gaba da baya, mai araha, wanda ke zuwa cikin kwali.

In an buɗe kwalin, sai an ɗaura tayar gaba da sitiyari da sirdi da feda. A nan ake ɓarna. Fedar hagu ta hagu ake murɗa ta. Wanda ya matsa mata ta dama ya kashe zaren. Shawararmu, a kai wa mai gyara ya daidaita birki da giya, ya ja wayoyin taya.

Abin da ya fi damunmu shi ne sifirin baya. Yana ƙara nauyi, yana shanye ƙarfin mai tuƙi, ƙurar hunturu kuma takan cinye mahaɗinsa har keken ya soma rawa. Ga shi galibi babu wurin ɗaura kariya. Mai ɗauko jarkar ruwa ko buhun masara daga kasuwar Aboabo, tsohon Phoenix ɗin nan na China ya fi masa amfani.