Kwana Biyu a Bakin Tafkin Lagdo: Me Za Ka Ci, Me Za Ka Sha?

 Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako, domin wanda bai samu kama rediyo ba.

Da yawa daga cikinku kun san sunan Lagdo ne ta dalilin ambaliya, musamman ta 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar, Binuwai ta cika ta batse daga Yola har Lakwaja. To amma Lagdo wurin hutawa ne kuma. 'Yan Sin ne suka gina madatsar tsakanin 1977 da 1982, ita ke ba Garwa da sauran arewacin Kamaru wuta. Daga Garwa za ka kama hanyar Ngaundere, ka ratse a Ngong, tafiyar ba ta kai kilomita 70 ba. In ka gama cinikin shanu a Adumri, ko ka ci kasuwar Lahadi ta Pitowa, kwana biyu a bakin ruwan nan za su sauke maka gajiya. Sai dai baƙo ko da ido makaho ne, shi ya sa muka ce bari mu yi maka jagora.

Mu fara da kifi, don shi ne sarkin wurin. Akwai giwan ruwa, wanda da Faransanci ake ce masa kafiten, mai tsoka fara ba yawan ƙaya. Akwai karfasa, akwai tarwaɗa, akwai bargi. Masuntan tafkin gauraye ne, har da Hausawa da Musgum da Kotoko, saboda haka ba za ka rasa wanda zai ji yarenka ba. Ka sauka bakin ruwa da sassafe lokacin da kwale-kwale ke dawowa, ka zaɓa da hannunka. Ɗaga murfin kunnen kifin: in cikin ja ne jawur, ido garau, ka danna tsokar ta dawo, to na yau ne. In ido ya dushe, ciki ya saki, ka bar shi ko da kyauta ne. Mata masu gashi za su gasa maka a kan gawayi da yaji da albasa, ka haɗa da soyayyar ayaba ko rogo.

Ka kula da lokaci. A tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Satumba, hukuma kan rufe kamun kifi don ya samu ya hayayyafa. Wanda ya zo a wannan tsakanin banda zai tarar, kuma ɗanyen da aka kawo masa a ɓoye na iya jawo masa magana da jami'ai. Lokacin sanyi ya fi daɗin zuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin zafin Garwa ya sauko.

Batun banda kuwa, ɗan kasuwa, a nan ne kuɗinka yake. Wasu marasa tsoron Allah kan yayyafa wa busasshen kifi maganin ƙwari irin su piya-piya don kada tsutsa ta ci. Ka sa hanci kafin ka sa hannu a aljihu. Banda mai kyau ƙamshin hayaƙi take yi. In ka ji wari mai hawa kai kamar na shagon maganin gona, ka wuce. Ka karya guda ɗaya daga tsakiyar kwali, ba na sama da aka jera maka ba, ka duba ko cikin ya zama gari.

Abincin gida ba zai zame maka baƙo ba, suna ne kawai ya sauya, don Fulatanci ne harshen kasuwa a nan. Tuwo shi ne nyiiri, galibi na masara ko na masakwa da ake nomawa a fadama bayan ruwa ya janye. Miyar ganye haako ce, ta kuka bokko, ta yakuwa kuma follere, wadda ake yi da gyaɗa da banda, ga ɗan tsami mai buɗe baki. Kifi liingu. Nono da madara kosam. Kai makiyayi ka fi kowa sanin bakkale a garke. Ciwon nan yana kama mutum ta ɗanyar madara, ya bar shi da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Ka tambaya ko an tafasa kafin a kwantar.

Yanzu ga inda aka fi yi mana tambaya: abin sha. A Kamaru ana sayar da giya a fili, a otal, a shago, a gefen mai gasa kifi. Abin da Turawa ke sha da kifi shi ne giyar inabi, da Faransanci ana rubuta ta vin. Yawancinta daga ƙasashen Turai irin su Faransa da Sifaniya ake shigo da ita, kuma barasar da ke cikinta takan kai kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari, ta ninka ta kwalbar biya. Matsalar ita ce wata tana zuwa a kwali mai hoton inabi, sak kwalin lemo. Ka juya kwalin: in ka ga lamba da alamar % da kalmar vol, giya ce. In ka ga sans alcool, babu barasa. Haka kuma a otal, wasu masu dafuwa kan zuba farar giyar inabi a romon kifi. Ba laifi ba ne ka ce a gasa maka naka zalla. Matambayi ba ya ɓata.

A ƙauyuka akwai bilbil, wato burkutu na dawa, da kuma arki, wanda ake tatsowa ta tururi a gida. Ga abokanmu da addininsu bai hana su sha ba, mu faɗa muku gaskiya: arki ba shi da ma'auni, kuma in an tatse shi ba daidai ba yana iya makantar da mutum ko ya kashe shi. Direba da mai tuƙa kwale-kwale kuwa, babu ruwansu da ko ɗaya. Kuma kada wani ya ba ka saƙon katan ka ɗora a kan kayanka ba ka buɗe ba. A jiha irin Kano, Hisba na kama giya ta farfasa, kai kuma ka shiga uku a kan kayan da ba naka ba.

Me ya rage maka? Da yawa. Zoɓo mai sanyi, wanda shi ma follere ake ce masa, da ruwan citta, da na tsamiya, da kunun gyaɗa, da shayi. Ka sha na ranar, don zoɓon da ya kwana biyu a zafi yakan fara tsami ya juya. Ruwan tafki kada ka sha, kada ka yi wanka a gefen da ciyawa take, akwai tsargiya. Akwai dorina kuma. Da magariba ka ja jikinka da dabbarka daga bakin ruwa, lokacin ne take fitowa kiwo.

Na ƙarshe, kuɗi. Sefar Kamaru da ta Nijar darajarsu ɗaya, amma takardunsu daban, mai gasa kifi ba za ta karɓi ta Nijar ba. Ka yi canji tun daga Garwa, naira ko sefa. In an ce maka booro, jaka guda ake nufi. Ka yi ciniki kafin a ɗora kifi a wuta, ka riƙe katin shaidarka a jiki.

Wanda ya je ya dawo, ya aiko mana da yadda ya samu farashin banda, mu karanta wa 'yan'uwa a shiri na gaba. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.