Burtali, Rafi da Kududdufi: Filayen da Ba na Kowa Ba

Duk wanda ya taɓa shiga mota da damina daga Kano ya nufi Ɗambatta ko Bichi, zai ga gona na bin gona, gero na gogar dawa, har ido ya gaji bai ga daji ba. Tun a shekarun 1960 wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi nazarin karkarar Kano, ya nuna yadda jama'a suka yi yawa har ana noma kusan kowane fili shekara da shekara ba hutu, sai dai a taimaka masa da taki. To, a ƙasa irin wannan, ina ruwan sama zai bi, ina shanu za su bi, ina kuma zomo da makwarwa za su kwana? Amsar ita ce 'yan filayen nan da iyaye da kakanni suka bari da gangan ba a nomawa, wato burtali, da gaɓar rafi, da kududdufi, da makiyaya.

Bari mu fara da burtali, don shi aka fi rainawa. Burtali hanya ce da aka bari tsakanin gonaki domin dabbobi su fita kiwo, su je mashaya, ba tare da sun yi wa kowa ɓarna ba. Akan shinge shi da aguwa ko dashi ko bini-da-zugu. Wanda ya zarce daga wannan ƙasa zuwa waccan, wanda Fulani ke bi da garke, shi ake ce wa labi. Amma ba dabba kaɗai ke bin burtali ba. Saboda yawan takawa ya fi gonakin da ke gefensa kwari, don haka in an yi ruwa nan yake taruwa ya gangara rafi. Shingen nan kuwa gida ne ga bushiya da damo da kurege da tsuntsaye iri iri, waɗanda wasunsu ke cinye fara da tsutsar da ke ɓata amfanin gona. Ashe fili ɗaya aiki uku yake yi.

Yadda burtali ke mutuwa abin lura ne. Ba wanda ke tashi rana ɗaya ya ce ya cinye shi. Bana mai gonar dama ya ƙara kunya ɗaya, baɗi na hagu ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba. Kafin shekara goma, hanyar da garke ke wucewa sai jaki da ƙyar. Daga nan sai shanu su faɗa gona, a yi ta shari'a, ruwa kuma da ya rasa mabiya ya yanka ta tsakiyar gonar wani, zaizayar ƙasa ta fara.

Tun kafin zuwan Turawa akwai ƙa'ida a kan wannan. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa rijiya da kogi da hanya kowanne yana da hurumi, wato ɗan filin da ke kewaye da shi wanda ba a yarda mutum ɗaya ya mallake ba, domin amfaninsa na jama'a ne. Mai unguwa da dagaci su ne suka san iyakoki, su ne kuma ake kai wa ƙara, in ta gagare su a wuce gaban hakimi. A zamanin En'e aka ƙara da malaman daji, waɗanda ba a sare manyan itatuwa irin su ɗorawa da kaɗanya sai da izninsu. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar kare namun daji a 1963, ta kuma yi dokar keɓe makiyaya a 1965.

Babbar dokar da ake aiki da ita a yau ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa a mulkin Janar Olusegun Obasanjo. Ta ce ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna a matsayin amana domin jama'a. A karkara Ƙaramar Hukuma ce ke ba da iznin riƙon fili, amma ba za ta ba mutum fiye da hekta 500 don noma ba, ko hekta 5,000 don kiwo, sai da amincewar Gwamna. Haka kuma hukuma na iya karɓe fili domin amfanin jama'a, ta biya diyyar abin da ke kansa. Iyayenmu su lura da wannan: takardar ciniki da aka rubuta a zaure, ko da shaidu goma ne, ba ta mai da hanyar ruwa ko burtali ta zama fuloti. A 1992 kuma Gwamnatin Tarayya ta yi dokar da ta wajabta a binciki illar da babban aiki zai yi wa muhalli, kamar madatsar ruwa ko babbar hanya ko masana'anta, kafin a fara shi.

Wani zai ce, ina ruwana da abin da wani ya yi a filinsa? To, ya je ya dubi kogin Jakara. Yana tasowa daga birnin Kano, ya kwashi dattin kwatoci, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, sa'an nan ya gangara madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Manomin da ke ban ruwa a gaɓarsa bai taɓa jemar fata ba, amma abin da majema suka zubar shi ke isa ga latas da kabejinsa. Haka abin yake a madatsar Tomas ta wajen Ɗambatta da ta Watari a Bagwai, sai dai su ba ruwan masana'anta ne abin tsoronsu ba, yashi ne. In aka sare itatuwan gaɓa aka yi noma har bakin rafi, kowace damina ƙasar gona na bin ruwa ta kwanta a gindin madatsa. Mai gona ya yi asarar ƙasarsa, mai noman rani da masunci kuma ruwansu ya ragu.

Ni kaina na ga aikin ruwa a garinmu. Akwai wani tsohon kududdufi a bayan kasuwa, inda aka haƙi ƙasar gina gidajen unguwar tun zamanin kakanni. Nan ruwan unguwa duka ke zuba, nan belbela ke sauka, mu kuma nan muka koyi kamun tarwaɗa, ko da yake mun sha bulala a kai. Da fili ya yi tsada sai aka cike shi da shara da ƙasa, aka yanka, aka sayar. Shekara biyu ba abin da ya faru, har masu ginin suna yi wa dattawan da suka yi magana dariya. A ta uku aka kwana ana ruwa cikin watan Agusta. Abin takaici, sababbin gidajen na bulo ne kuma an ɗaga harsashinsu, don haka ba su suka faɗi ba. Katangun ƙasa na maƙwabta, waɗanda ba su ci ko kwabo a cinikin ba, su suka zube, har da rumbuna biyu cike da hatsi.

Ban ce kada gari ya faɗaɗa ba. Jama'a na ƙaruwa, dole a gina gidaje da makarantu, kududdufin da ba a kula da shi kuwa matattarar sauro ce, yara ma kan faɗa ciki. Amma in za a cike shi, sai an fara yi wa ruwan wata hanya, a haƙa magudana, a sa kwalbati mai faɗin da zai ɗauke shi. Mai niyyar sayen fili a bakin gari kada ya je dubawa da rani kawai, lokacin da ko'ina busasshe ne. Ya koma bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi ya ga inda ya kwanta, ya tambayi tsofaffin unguwa ko wurin tsohon burtali ne, sa'an nan ya je ofishin ƙasa na Ƙaramar Hukuma kafin ya ba da kuɗinsa.