Wanda Ya Yi Shiru A Fada

 Wannan magana an karanta ta a rediyo, mun kuwa buga ta a takarda domin wanda bai ji ba ya karanta, wanda ya ji kuma ya sāke tunani.

Yau maganarmu a kan zaman fada ce. In kai mutumin Damagaram ne, ko Maraɗi, ko Tawa, ko Yamai, ka san abin da mu ke nufi. Da maraice samari su kan shimfiɗa tabarma a bakin hanya, a hura gawayi, a ɗora butar shayi. Sunan an aro shi daga fadar sarki, inda dattawa su ke zama ana shawara. Irin wannan zama na samari ya yawaita a Nijar tun wajen 1991, shekarar babban taron ƙasa, sa'ad da bakin jama'a ya buɗe, aikin yi kuwa ya yi wuya. Shayin sau uku a ke dafa shi, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Ba a gama shi da hanzari, saboda haka hira ta kan sami wurin zama.

Me a ke taɗi a kai? Tsadar gero a kasuwa, da damina ko za ta yi kyau, da kuɗin aure, da labarin waɗanda su ka tafi ci-rani. A kan yi gardamar ƙwallo, da ta kokawa, wane ne zai ɗauki takobi bana, gama tun 1975 da aka fara gasar ƙasa a Tawa wannan gardama ba ta ƙare ba. A gefe kuma ga mutum biyu sun haƙa gurbi 30 a ƙasa suna dara, kowa da 'ya'yansa 12.

Kada ka raina wannan zama. Tun a Littafin Farawa, sura 2, Allah ya nuna kaɗaici ba shi da kyau ga ɗan Adam. A fada a kan yi adashi, a tara wa mai suna ko mai biki gudummawa, a kira gayya, a gaya wa marar aiki inda a ke neman ma'aikaci. Wasa da dariya kuma suna sauke gajiyar yini. Waɗannan duka kyautar Allah ne.

Amma harshen da ke warkarwa shi ne kuma ke yanka. Bari in ba ka labarin da na gani da idona, gama ina cikin masu laifin. Akwai wani saurayi a fadarmu wanda ya sayar da babur ɗinsa, ya bi ta Agadas zuwa Libiya. Bayan shekara biyu ya komo hannu wofi. Ran da ya zauna cikinmu, wani ya tambaye shi ina tsarabarmu, muka kwashe da dariya, har da ni. Shi ma ya yi murmushi. Kowace rana sai a sāke masa wannan ba'a. Sannu sannu ya daina magana, ya koma zama can ƙarshen tabarma, a miƙa masa shayi ya karɓa, shi ke nan. Ba wanda ya tambaye shi abin da ya gani a hamada, ko bashin da ke kansa. Ashe ya fara shan tramol domin ya manta. Wannan ƙwaya maganin ciwo ce da likita ke rubutawa, amma wanda ya mai da ita abin sha kullum ta kan kama shi, ta kan kuma jefa mutum cikin farfaɗiya. Ba mu farga ba sai ran da ya faɗi a gabanmu yana shure-shure, muka ɗauke shi zuwa asibiti. Allah ya yi masa sauran kwana. Wata shida yana zaune a tsakiyarmu, mu kuwa ba mu gan shi ba.

Littafi Mai Tsarki ya san irin wannan zama. Ka karanta Littafin Ayuba, sura 2. Da masifa ta auka wa Ayuba, abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, su ka zo su ka zauna tare da shi a ƙasa kwana 7 ba su ce kome ba. A nan sun kyauta. Amma da su ka buɗe baki, sai su ka shiga nemo masa laifi, wai lalle zunubinsa ne ya jawo masa. A sura 42 Allah ya tsauta musu, har sai da Ayuba ya yi addu'a dominsu. Ka ga, magana zarar bunu ce.

Yanzu dubi Yesu. A Bisharar Luka, sura 24, mutum biyu suna tafiya daga Urushalima zuwa wani ƙauye wai shi Imuwasu, tafiyar wajen kilomita 11, suna taɗi da baƙin ciki, gama an gicciye wanda su ka sa zuciya gare shi. Yesu, wanda ya riga ya tashi daga matattu, ya matso ya shiga tafiyarsu. Ya san kome, duk da haka tambaya ya fara yi, ya bar su su ka zazzage abin da ke cikinsu. Bayan wannan ne ya buɗe musu Littattafai, ya kuma zauna cin abinci tare da su. A daren nan su ka koma Urushalima da murna. Ya fara da saurare, kāna ya faɗi gaskiya, kāna ya zauna.

To, ga abin da za ka yi a fadarku. Da fari, ka lura da wanda ya yi shiru. Labarin zuciya a tambayi fuska. Kada ka tone shi a gaban jama'a. In an tashi, ka raka shi gida, ka tambaye shi a hankali, ka kuwa jira amsa. Na biyu, abin da ya gaya maka ka riƙe shi amana. Wanda aka yayata asirinsa sau ɗaya ba ya sāke buɗe baki. Na uku, ka san iyakar saninka. Fada ba ta rubuta magani. In ɗan'uwa yana tari har mako biyu, ka kai shi a gwada, gama tarin fuka yana warkewa in an sha magani wata shida ba fashi. In ƙwaya ta kama shi, ko ya fara cewa ya gaji da rai, kada ka mai da shi wasa, ka raka shi wurin likita. Na huɗu, in an ɗauko naman wanda ba ya nan, kai ka kau da zancen.

Watakila kai ne mai zaman ƙarshen tabarma, kana dariya da baki, zuciya kuwa tana kuka. Ka sani Yesu wanda ya bi mutanen Imuwasu yana da rai. Shi ma an yi masa ba'a a kan gicciye, ya kuwa mutu domin zunubanmu, har da zunubin harshe. Gaya masa damuwarka yau, ka kuma nemi mutum ɗaya amintacce ka gaya masa.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji, ka gafarta mana maganganun da muka yi wa 'yan'uwanmu rauni da su. Ka ba mu kunne mai ji, da baki mai ta'aziyya. Ka zauna tare da mu a inda mu ke zama. Cikin sunan Yesu, amin.

In ka gama karanta wannan takarda, ka ba abokinka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.